Yinin da na bar bakin gadon Alhaji a Delhi

Lokacin da aka yi wa maigidana aikin zuciya a Delhi, na yi makonni ban san komai na garin ba sai hanyar da ta haɗa asibiti da masaukinmu. Ni malamar sakandare ce a Bauchi, gidanmu a unguwar Ɗan Iya, kuma ni dangi suka zaɓa na raka shi saboda ina jin Turanci, shi kuwa Alhaji ɗan kasuwa ne, karatunsa na allo ne da na zaure. Kafin mu taso kowa yana ce mini na yi sa'a, zan ga Indiya. Abin da na gani shi ne kujerar roba a gefen gado, da doguwar baranda mai warin magani, da wani ƙaramin shago inda nake sayen ruwa da ayaba.

Rashin barci bai fi maimaita magana gajiyar da ni ba. Likita ya faɗi abu da Turancinsu mai sauri, in roƙe shi ya sake, in juya wa Alhaji da Hausa ina rage masa kaifi. Sai waya ta fara daga gida. Yayarsa, ƙannensa, yaranmu, abokan kasuwarsa, kowa yana so ya ji daga farko, kowa kuma zai rufe da cewa in yi haƙuri. Har na kai ina jin muryata kamar ta wata mata ce da ke magana a ɗaki na kusa.

A masaukin na haɗu da wata dattijuwa da ke jinyar ɗanta mai ciwon ƙoda. Na shiga kicin ɗin da muke tarayya na same ta tana yi wa murhun gas faɗa da Hausa. Da muka gaisa sai ga shi 'yar garinmu ce, daga unguwar Ƙofar Ran take, har ta san gidan kakannina. Tun daga ranar nake ce mata Hajiya, ita kuma tana ce mini Malama, na kuma ƙara da fassara mata maganar nata likitocin.

Mai masaukin ne ya shirya wa masu jinya ƙaramar bas da ɗan rakiya, a zaga da mu wuraren ibadar mabiya addinin Sik da wani wurin tunawa da sojoji, a yini ɗaya. Na ce ba zan je ba. Alhaji, wanda a lokacin ya fara zama da kansa, ya dube ni ya ce, “Malama, ki je. Duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya fara duban ki kafin ni, ya rasa wane ne mara lafiyar.”

“Wa zai ba ka abinci?”

“Waɗanda ake biya su ba ni. Ki je ki ga wani abu da ba bango ba.”

Hajiya ma ɗanta ne ya matsa mata. Muka shiga bas da safe tare da wasu Larabawa biyu da wata mata daga Kenya, kowa da idanu ja, babu mai son magana.

Ɗan rakiyar dattijo ne mai shuɗin rawani naɗe tsaf, da farin gemu, da awarwaron ƙarfe a hannun dama. Yana ɗan ɗingisawa. Ya tsaya a gaban bas ya fara bayani da muryar wanda ya faɗi abu ɗaya shekara da shekaru. Na gane muryar nan, da ita nake koyar da darasin ƙarshe ranar Alhamis.

Wuri na farko farin gini ne mai ƙubba ruwan zinariya, da wani katafaren tafki a gefensa, an kewaye shi da matakala. Kafin a shiga sai an cire takalmi da safa an miƙa ta taga. Masu karɓar takalman manyan mutane ne da tufafi masu kyau, wani ma ina gani yana goge ƙurar takalmin da ba nasa ba. Ɗan rakiyar ya ce ba ma'aikata ba ne, kowa yakan baro shagonsa ko ofishinsa ya zo ya yi hidima don neman lada. Ya raba wa Larabawan ƙyalle su rufe kai, ya dubi hijabanmu ya ce mu kam mun zo a shirye. Muka taka ta cikin wani ɗan kwarin ruwa da aka yi don wanke ƙafa. Sanyin ya hau mini har gwiwa.

Hajiya ta riƙo hannuna. “Malama, tambaye shi, gunki ne a ciki?”

Na tambaye shi. Bai nuna ya ji haushi ba. Ya ce Ubangiji ɗaya suke bauta wa, babu gunki, abin da ke ciki littafinsu ne, ana karanta shi ana rera shi. Na juya mata. Ta gyaɗa kai, amma ta ce ita a matakala za ta zauna. Ni na tsaya daga bakin ƙofa na leƙa. Mutane suna zaune a ƙasa, wasu maza uku suna rera wani abu a hankali da ɗan kiɗa, wani kuma yana kaɗa farin gashi irin na wutsiyar doki a saman littafin. A hanyar fita ana zuba wa mutane wani abu mai maiƙo a tafin hannu, kamar alkaki da bai bushe ba. Na ɗora hannu a ƙirji na wuce, mai rabawar ya yi murmushi ya juya ga na bayana.

A bakin tafkin ya ba mu labarin wurin. Ya ce ɗaya daga cikin shugabannin addininsu, yana yaro ƙarami, ya sauka a nan lokacin da annobar agana ta shiga garin. Ya riƙa ba marasa lafiya ruwa yana kula da su, har ciwon ya kama shi ya rasu. Shi ya sa mutane ke zuwa da gorori suna ɗibar ruwan wurin su kai wa majinyatansu. Da na fassara wa Hajiya sai ta bi da kallo wata mata da ke rufe bakin gorarta da leda. Can ta ce, “Ashe mai jinyar ne ya tafi.”

Daga nan ya kai mu inda suke dafa abinci. Ban taɓa ganin tukwane irin waɗannan ba, ko a bikin gidan masu hali. Mutum zai iya kwanciya a cikin ɗaya. Ya ce kullum haka ake dafawa, duk wanda ya zo ya ci, ba a tambayar addininsa ko aljihunsa. A gefe mata suna zaune a jere gaban wani dogon benci suna murza ƙullin alkama, suna yin gurasa faifai-faifai. Wata tsohuwa ta ɗago ta gan ni a tsaye, ta matsa, ta turo mini dunƙulen ƙulli da sandar murzawa. Na zauna. Gurasata ta farko ta fito a karkace kamar taswirar jiharmu. Tsohuwar ta karɓa, ta sake dunƙule ta, ta miƙo mini. Ta uku ta yi dama-dama. Babu wanda ya tambaye ni komai, babu abin da zan fassara. Hannuna yana aiki, ɗumin murhu yana dukan bayana, ga ginshiƙi kusa da kafaɗata. Na ce bari in ɗan jingina.

Da na farka, gyalen wata yana naɗe a tsakanin kaina da ginshiƙin, matan da ke murzawa kuma sun canza. Hajiya na zaune kusa da ni tana jan carbi. Kunya ta kama ni.

“Hajiya, me ya sa ba ki tashe ni ba?”

“Mai rawanin ya zo zai yi magana, na yi masa haka da hannu, ya koma. Ya kai sauran su ga wani ɗaki na hotuna. Bakinki a buɗe kike barci, Malama.”

Muka ci abinci a wani babban zaure, a ƙasa, sahu-sahu kan dogayen tabarmi. Na dama da ni wani mutum ne mai agogo mai tsada, na gabana kuma ƙafafunsa duk faso. Masu rabo suna bi da bokitai suna zuba miyar wani ƙaramin wake da shinkafa da gurasar nan. Hajiya ta sa na tabbatar babu nama, sannan ta yi bisimilla. Ta ce gishiri bai ji ba, amma ta cinye, har ta miƙa hannu biyu aka ƙara mata gurasa yadda ta ga ana yi.

Wuri na biyu yana cikin tsohon gari, inda cunkoso ya ninka na kasuwarmu ta Wunti ranar jajibirin salla. Bas ba ta shiga, sai muka taka. Rana ta take, ƙafafun Hajiya sun fara kumbura, ɗan rakiyar ma ɗingishinsa ya ƙaru. A bakin ginin ya tara mu ya ce a nan aka fille kan wani shugabansu, bisa umarnin sarkin zamanin, saboda ya ƙi barin addininsa, ya kuma tsaya wa wasu da ake tilasta wa barin nasu. Bai faɗi addinin sarkin ba. Ɗaya daga cikin Larabawan ne ya tambaya, shi kuma ya amsa a taƙaice yana kallon ƙasa.

Na yi jinkirin fassarawa. Hajiya ta lura.

“Me ya ce?”

Na gaya mata duka.

“Sarkin Musulmi ne?”

“Haka ya ce.”

Ta gyara hijabinta. “To ki ce masa ba haka aka koya mana ba. Babu tilas a addini. Ki faɗa masa yadda na faɗa.”

Na faɗa masa. Ya haɗa tafukansa ya ɗan sunkuya mata, ya ce ya sani. Ya ce lokacin da aka raba ƙasarsu biyu, mahaifiyarsa da ƙafa ta iso garin nan, ta baro gidansu da kaburburan maƙwabta a can ɗaya ɓangaren, kuma a wannan tashin hankali babu wanda hannunsa ya fita da tsabta, har da mutanensa. Ya faɗi wannan ba da muryar aikinsa ba. Sai na tuna lokutan da aka sa dokar hana fita a Bauchi, muna cikin gida muna jin jiniya, da wata abokiyar aikina da ta kwashe kayanta ta koma garinsu ba mu yi sallama ba. Na juya wa Hajiya maganarsa. Ta ce, “Allah ya kyauta,” ya tambaye ni ma'anarsa, na rasa yadda zan sa shi a Turanci, na ce addu'a ce.

Shi ne ya duba agogo ya ce lokacin sallarmu ya yi, tun ba mu tambaya ba. Ya bi da mu ta wani lungu zuwa shagon wani abokinsa Musulmi mai sayar da yadi. Aka ba mu buta, aka shimfiɗa mana darduma a bayan shagon tsakanin bandir-bandir na yadi. Muka haɗa azahar da la'asar. Da muka fito muka same shi zaune kan benci, ya miƙe ƙafar da ke damun sa, yana shan shayi da mai shagon.

Wuri na ƙarshe wata doguwar ƙofa ce ta dutse a tsakiyar fili, babu gini a jikinta, an sassaƙa mata sunayen sojojin ƙasar da suka mutu a yaƙin Turawa. Hajiya ta ce ita ta gama, ta zauna a bas ta cire takalmi. Na bi sauran. Ya ce da yawa daga cikin masu sunayen 'yan Sik ne, an kwashe su zuwa ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Bama, kuma yakan ce jirginsu ya tsaya a Indiya. Ina ƙarama lokacin, ban saurara ba. Na tsaya ina ƙoƙarin tuno ko ya taɓa ambaton masu rawani, sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka da sauri. Alhaji ne, yana tambayar inda na ajiye masa hularsa, wai likita zai zo ba ya so a same shi kai a buɗe. Na ce tana ƙarƙashin matashi. Ya ce ya gan ta.

A hanyar komawa kowa ya yi barci sai ni da direba. Ɗan rakiyar ya jingina kai da gilashi, rawaninsa ya ɗan goce. Da muka sauka Hajiya ta sa na ce masa ya riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ya ce zai yi.

Alhaji ya tambaye ni abin da na gani. Na fara ba shi labarin tafkin, ban kai ga tukwanen ba nas ta shigo da allura, daga nan kuma yayarsa ta kira.

Mun dawo Bauchi da shi yana takawa da ƙafarsa, yau ma yana kasuwa, sai dai an hana shi gishiri da ɗaukar kaya. Hajiya mun baro ta can. Bayan wata biyu na ji ta dawo, ɗan nata kuma ya rasu kwanaki kaɗan da isowarsu gida. Na hau keke zuwa Ƙofar Ran na yi mata ta'aziyya. Ɗakin cike yake da mata, ta rame ƙwarai. Ta riƙe hannuna ta ce wa na kusa da ita, “Wannan ce bakina a can.” Na zauna har aka kira la'asar, muna amsa gaisuwar masu shigowa tare, sannan na yi mata sallama domin washegari ina da jarrabawar 'yan aji uku da ban gama shiryawa ba.