Ranar da Aka Tsare Kamiyo a Bakin Gada

Zauren gidanmu a Gaya ta Nijar kakana ne ya gina shi da laka, tun kafin a yi gadar da ta haɗa mu da Benin. A zamanin soja manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai, kamiyo muke ce musu, suka yawaita, kuma ta ƙofarmu suke bi. In ɗaya ta wuce, ruwan randa sai ya kama rawa, ƙasa ta zubo daga rufi. Bangon gabas ya tsage har yatsa na shiga.

Babana ya yi ta kai kuka, shi dai a karkatar da motocin ta bayan kasuwa. Daga ƙarshe aka ce injiniya zai zo daga Yamai da na'urar da ake mannawa a bango ta auna girgiza. In ta nuna haɗari, za a canza musu hanya.

To, mu baƙon gwamnati ba ma tarbarsa da hayaniya. Tun da safe mai unguwa ya sa aka share titi, aka yayyafa ruwa, jandarmomi suka tsare kamiyo duka a bakin gada don kada su dami baƙo. Wai ladabi ke nan.

Injiniyan ya manna ƙarafunansa a bango, ya zauna yana kallon allurar na'ura. Ko gezau. Titi tsit, sai kaji.

"Baba, kullum haka titin nan yake?" ya tambayi babana.

Babana ya dubi jandarman da ke tsaye a ƙofa, ya dubi mai unguwa da ya sha ɗawainiya tun asuba.

"Haka yake, mushe injiniya. Alhamdu lillahi."

Injiniyan ya naɗe wayoyinsa, ya ce gini lafiya lau, tsufa ne kawai. Bai gama fita gari ba aka saki kamiyo, suka biyo a jere kamar shanu za su mashaya.

Da damina bangon ya faɗi da hantsi, ya ja rufin, ba kowa a ciki. Na zaci zan yi kuka, ko in yi fushi. Wallahi ban ji komai ba, kamar zauren wani ne. Babana ya daɗe tsaye a kan tarin ƙasar, sannan ya juyo gare ni.

"Zaro azarar nan ka kai ciki. Uwarka na kukan itacen girki."