Wayar da Ta Ƙi Buɗuwa a Kakuri

Da hannu na koyi gyaran waya, ba a aji ba. Wata rana wata mata ta kawo mini wayar mijinta da ya rasu, a kulle, tana son hotunansa. Na duba na ce, "Mama, ba za ta buɗu ba."

Ta tsallaka shagon wani mai gyara ɗan boko da ke kallon teburina. Shi ma ya kasa. Amma ya ba ta kujera, ya ce mabuɗin sirrinta yana wani lungu a ƙwaƙwalwar wayar, inda ake sakawa ba a cirewa, haka aka ƙera ta. Ta yi kuka, ta gode masa.

Maganata ce ya ja mata tsawo. Har yau matan cocinsu wurinsa suke kai gyara, ta gaban teburina.