Ajiyar Waken Gwaggo Tabawa

Ku da kuka zauna a unguwarmu a Malumfashi kun san Gwaggo Tabawa ba ta hura wutar karin kumallo a gidanta. Da hantsi za ta yafa tsohon gyalenta mai ruwan ƙasa, ta ɗauki ɗan kwanonta, ta ce ta tafi zagayen gona. Gonar kuwa babu ita. Wadda ta gada a hanyar Dayi ta sayar da ita bayan rasuwar mijinta, ta rarraba kuɗin ga masu ƙananan sana'o'i su yi jari. Su ne gonakin. Koko a gidan nan, ƙosai biyu a wajen Maman Istifanus, rabin kofin shayi a bakin tasha. Ba ta karɓar kuɗin ruwa, ta ce fatarta ba za ta iya da wutar lahira ba. In an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare. Amma ɗanɗano dole ne, don a cewarta a baki take gane lafiyar jarinta. Ranar da ƙosai ya rage girma, kafin mai shi ta buɗe baki Gwaggo ta san an fara taɓa uwar kuɗi.

Ni ne Isuhu, ɗan ƙanenta. Ita ta sa mini suna Malam Idan-Fa, wai ba a taɓa kawo mini shawara ban fara amsa da "idan fa" ba. Ban musa ba. Haka Allah ya yi ni.

Ina zaune a zaurenta ranar da wani saurayi mai takalmi mai sheƙi ya zo neman jari, zai buɗe wurin cajin waya. Ya iya magana, har ni na fara gyaɗa kai. Sai na lura duk lokacin da ya ce wallahi, Gwaggo na lanƙwashe yatsa ɗaya. Da ta lanƙwashe na uku sai ta katse shi.

"Tashi ka tafi, ɗana. Ban ma tambaye ka shaida ba ka kawo mini Allah sau uku. Ranar da na tambaye ka kuɗina, wa ya rage ka kawo?"

Ɗanta Kabiru, wanda ke aikin ofis a Kaduna, ya taɓa zuwa da niyyar hutar da ita. Ya nuna mata wani tsari a waya, inda mutum zai zuba kuɗinsa, a rarraba wa masu sana'a a garuruwa daban-daban, rabonsa ya riƙa shigowa yana kwance. Har da hotunan mutanen. Gwaggo ta daɗe tana kallon wata mai suya a hoton, sannan ta tambayi 'yar gidan wane ne, kuma tana share ƙofar shagonta da safe ko kuwa. Kabiru ya ce ai masu tsarin sun bincika komai.

"To ni ta ina zan ɗanɗana?" Ta miƙa masa wayarsa da yatsa biyu. "Ka ajiye abinka. Ni mutumin da ba zan iya zuwa jana'izar uwarsa ba, ba na ba shi jari."

Kada ku ce taurin zuciya ne. Akwai wani Sani da ta ba jarin tumatur, yana sarowa daga Danja. Mota ta lalace musu a hanya kwana biyu cikin zafin bazara, tumatur ya zama ruwa. Ya zo ya durƙusa, ya ce zai sayar da akuyar matarsa ya biya. Gwaggo ta ce kul, ita ta yi asarar kuɗi, shi ya yi asarar gumi, magana ta ƙare. Yana cikin zuba godiya da hawaye, sai ta tambaye shi ina kwandunan. Ya ce ya baro su a bakin titi.

"Kwandon ma ruɓewa ya yi?"

Haka bawan Allah nan ya hau babur ya koma ya tsinto kwando takwas, ya wanke su tas a ƙofar gidanta. Da suka bushe ta mayar masa da abinsa, ta ɗora masa sabon jari a kai.

To, ni ne gonar da ta ƙi shukuwa. A lokacin ina ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi, da basilla da zare. Da manyan 'yan kasuwa suka fara sayen injin ɗinki na hannu, aikin ya ja baya, wata rana in dawo gida da abin da bai kai kuɗin gari ba. 'Ya'ya biyar, biyu har an koro su daga makaranta. Gwaggo ta bi ni ta bi ni in karɓi jari. Ni kuma abin da na fi tsoro a duniya shi ne in mutu da kayan wani a wuyana. Idan fa na faɗi? Idan fa aka sace? Idan fa na yi kuskuren awo na ci haƙƙin wani? Idan fa na kwanta ban tashi ba? Ta ce da ma irina take nema, mai tsoron karɓa, don masu saurin miƙa hannu sun ishe ta. Ya kai in na hango gyalen nan mai ruwan ƙasa sai in sake lungu. Na taɓa shiga masallaci na yi nafila raka'a shida ina jira ta wuce. Na fito na same ta zaune a kan dakali, riƙe da takalmina.

Daga baya sai ta daina maganar kwata-kwata. Na ce alhamdu lillahi, ta haƙura.

Wata rana bayan kaka sai ga mai amalanke a ƙofar gidana da buhun wake huɗu, Gwaggo na biye. Ta ce za ta je Kaduna wajen Kabiru a duba mata ƙafa, rumbunta na yoyo, in ajiye mata. Na ce idan fa ɓera ya shiga. Ta ce in yi kyanwa. Ajiya ba bashi ba ce, kuma gwaggo gwaggo ce, na karɓa.

Kwana goma ba su cika ba na ga wani farin gari a gindin buhu. Na kara kunne. Jama'a, ana ci! Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana biki a ciki. Na kwance ɗinkin, sai ga ƙwari suna yawo a kan waken kamar gidan ubansu. Na shanya a rana, na zuba toka, na zuba barkono har Rabi mai ɗakina ta yi kwana biyu tana atishawa. Ƙwarin nan ko a jikinsu. Na kira wayar Gwaggo, a kashe. Na kira Kabiru, ya ce tana barci. Na sake kira, ya ce tana salla. Sau tara na kira a yini ɗaya, matar nan ko tana barci ko tana salla.

Na je wajen limamin unguwa na zayyana masa. Ya ce in kayan ajiya za su lalace kuma mai su ba ta samuwa, sayarwa a adana mata kuɗin shi ne riƙon amana. Na ce idan fa ba ta yarda ba. Ya ce in na bari ƙwari suka cinye, shi ne za ta yarda? Na koma na ari tiya, na shimfiɗa tabarma a zaure. Duk wanda ya zo sai na fara nuna masa ramukan ƙwari kafin in auna, in rage masa kuɗi, in kuma yi wa tiyar tozo don kada awo ya gaza. Maman Istifanus ce ta fara saye, ta ce na ƙosai ba ruwansa da rami. Kafin mako biyu wake ya ƙare.

Sai wata sabuwar damuwa. Kuɗin mutane a ɗakina. Na sa a ƙarƙashin katifa, na mayar cikin tukunya, na tura cikin rufin ɗaki, na sauko da su don tsoron gara. Rabi ce ta ƙarasa ni. Ta ce wake na tashi a kasuwa, idan fa Gwaggo ta dawo ta ce ita wakenta take so ba kuɗi ba? Washegari na hau motar Dayi na sayo sabon wake a hannun manoma, buhu huɗu har da ɗori. Na ɗinke bakinsu da kaina, na ce ba mai taɓawa. To amma maƙwabta sun riga sun saba. Wannan ta aiko, waccan ta ce baƙi ta yi, Maman Istifanus ta ce in na hana ta gobe ba ƙosai a unguwa, alhakin masu karin kumallo a kaina. Alhaki kuma! Na kwance buhu. Na sayar, na sayo, na sayar, na sayo, duk don in tsare wa Gwaggo buhu huɗunta.

Wata uku ta yi. Ranar da ta dawo ta same ni da buhu bakwai da layin mata a zaure. Na miƙe zan yi bayani. Ba ta saurare ni ba. Ta zura hannu a buhu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta ce ya bushe. Ta ce ukun da suka ƙaru a raba biyu, huɗun kuma su ci gaba da zama.

Na ce, "Gwaggo, idan fa na mutu da kayanki a wuyana?"

Ta ce, "Da su da babu su za ka mutu, Malam Idan-Fa. Gara ka mutu 'ya'yanka na makaranta."

Shekara shida muna haka. Na kama rumfa a kasuwa, yaran suka koma aji. Kowace kaka sai in kai mata rabonta, in roƙe ta ta karɓi buhu huɗunta in huta. Ta ce sai bayan damina. Bayan damina ta ce sai bayan kaka.

Da ciwo ya kwantar da ita, na ga abin ba na tashi ba ne, sai na ɗauko amalanke na loda buhu huɗu na kai har ƙofar ɗakinta. Kabiru na zaune a gefen gado. Na ce ga ajiyarta, a gaban shaida. Na kuma nemi ta yafe mini wani tafin hannu guda na wake da ya zube tun a shekarar farko kajina suka tsince. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi sai ta ce ta karɓa, Kabiru ya shaida, wuyana ya fita. Sannan ta kama hannuna, nata ba nauyi ko kaɗan.

"Ni ce zan nemi gafararka, Isuhu. Rumbuna bai taɓa yoyo ba. Waken nan kuma rumfa uku na zaga kafin in samu mai ƙwari."

Na ce na yafe. Na ga ta lumshe ido, sai na ji tsoron ko ba ta ji ba, na sake faɗa kusa da kunnenta. Na faɗa na uku. Ta matse mini yatsa.

Allah ka ji, na yafe mata, kai ma ka yafe mata. Ka haskaka kabarin Gwaggo Tabawa, ka yalwata mata shi, ka ba ta ladan kowace tukunya da ta hau wuta ta dalilinta. Amin.