Baba Nomau, Mai Koya Mana Faɗuwa

Ranar wata Alhamis ce, a kakar shekarar da Gulbin Rima ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadama, aka shigo da wana Ummaru gida a kan asabari. Ina tsugune gindin turmi ina tsince wa Inna tsakuwa daga cikin gero. Idonsa biyu, yana bin kowa da kallo, amma daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi a jikinsa. Inna ta saki taɓarya ta faɗi kan ƙwarya, geron ya watse, kaji suka yi caa a kai, ba wanda ya kore su.

Gidanmu na kusa da Ƙofar Atiku, mahaifinmu mahauci ne. Da hantsi muna makarantar allo, in an tashi mu kai wa Baba wuƙaƙe mahauta, mu yanko wa tumaki ciyawa, mu ɗebo ruwa har kafaɗa ta yi tsami. Alhamis ba karatu, don haka da mun gama aiki sai mu ruga bakin gulbi wurin Baba Nomau. Bawan wani gida ne, yana kiwon jakai, ya yi kokawa da ƙuruciyarsa har kafaɗarsa guda ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta. Ba ya barin mu kama juna sai mun tsince duk wani dutse da ƙaya daga cikin rairayi. Sannan ya yi ta tura mu muna faɗuwa: haɓa a manne da ƙirji, kada a miƙa hannu a tare ƙasa, a mirgina ta kafaɗa. In za ka kai sura, ka lanƙwasa gwiwa, ka ɗora kuncinka gefen kwankwason abokinka, kada ka tura ƙoƙon kai gaba. In ka ɗaga shi, ku sauka tare, tafinka a ƙeyarsa. "Wanda kak kayar yau, da shi za ka noma gobe," haka yakan ce. Ummaru ya fi kowa kama abin, in ya kayar da kai kamar an kwantar da kai bisa tabarma.

Manya ba su ga amfanin wannan ba. Akwai wani attajiri mai fataucin shanu a unguwarmu, wanda mahauta duka a hannunsa suke sayen dabba, yana son ɗansa Labbo ya yi suna. Ya ɗauko wani ƙaton ɗan kokawa daga ƙauye don ya horar da Labbo, ya buɗe fage a ƙofar gidansa, a daɓen da ake sussuka, ga makaɗa ga goro. Can ana koyar da ɗagawa sama a buga da ƙasa, don ƙarar faɗuwar ita ke sa 'yan kallo ihu. Da aka kira Ummaru ya kara da Labbo, ya ƙi zuwa, ya ce wurin ya yi tauri. Mahaifinmu ya dube shi a gaban abokan sana'arsa ya ce, "Mi kake tsoro? Wanga bawa ya maishe ka mace. Tashi ka tahi!" Ya tafi. Labbo ya sure shi ya dasa kansa a daɓe, kamar yadda aka koya masa, makaɗa kuwa ba su tsaya ba sai da suka ga bai tashi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi mini ciwo. Dattawa suka zauna a zaure, babu bakin da ya ambaci attajirin. Aka ce ai Nomau ne ya fara sa wa yara son kokawa, mahaifinmu ma ya gyaɗa kai. Tsohon ya zo ƙofar gidanmu da la'asar, ya durƙusa ya roƙi a bar shi ya ga yaron, aka ce ya kauce. Kafin watan ya mutu ubangidansa ya sayar da shi ga wasu fatake. Ummaru ya kai har farkon damina kafin ya rasu, Inna na juya shi tana shafa masa man shanu a gyambunan bayansa. Yakan tambaye ni, "Ka gano Baba Nomau?" in ce masa yana gaishe shi. Labbo kuwa ya girma, ya yi sunan da ubansa ke so, har makaɗa na kiransa a bukukuwa.

Yau gemuna ya yi fari, jikokina na kokawa a ƙofar gida duk inda suka ga dama, bisa tsakuwa ko gefen kwata. Nakan ɗaga murya in ce su sauke haɓa, su yi dariya su ce Kaka ya tsufa. Dā akwai mai tsayawa kan yara har su iya, yanzu sai 'yan kallo. Har gobe ban san ƙasar da aka rufe tsohon nan ba.