Ranar da Dallatu Ya Rufe Zabira

A ƙauyenmu, can gefen Bagwai, da wuya ka sami wanda bai ratsa ta hannun Dallatu wanzami ba. Shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana belu, mu maza kuma shi ya yi mana kaciya. Ni da na aurar da 'ya, har yau in na hango zabirarsa rataye a keke sai na ji maƙogwarona ya bushe. Mutum ne mai fara'a, amma kada ka kuskura ka yabi asibiti a gabansa. Cewa yake can layi kawai ake zuwa sha.

Sai Allah ya ba shi jika, Raudatu, 'yar ɗansa Iliyasu. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai warin sabulun aski. Tun tana 'yar shekara uku hancinta ya toshe. Kullum baki buɗe, majina ba ta yankewa, in ta kwanta kuwa minshari kamar na ƙaton da ya wuni a gona. Da farko dariya abin yake ba mu.

Wata rana da azahar, lokacin girbin gero, ta yi barci a tabarmarsa a zaure yana wasa aska. Sai ya ji minsharin ya tsaya. Ƙirji na ta ja, iska ba ta shiga. Sai da ya girgiza ta sannan numfashin ya dawo. Ya kira uwarta, Zuliha, ta durƙusa.

"Baba, kullum haka take yi," ta ce. "Mata na cewa belun ne ya sake tsirowa. Ko za ka duba mata?"

Ya fito da yarinyar haske, ya danne harshe, ya duba ya sake dubawa. Babu wani belu. Abin da ke shaƙe ta yana can sama, inda idonsa bai kai ba. Maƙwabta sun taru suna jiran ya zare aska, kuma da ya ɗan tsaga ya nuna jini, da kowa ya watse yana yaba masa. Sai ya rufe zabira.

"Ba na yanka abin da ban gani ba," ya ce. "Iliyasu, nemo mana mota."

Ya sha surutu kuwa. Wai wanzami guda zai kai jininsa wani ya yanka. Wasu ma suka fara kai jariransu wurin wanzamin ƙauyen gaba. Na ga yadda ya rame, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Ni na raka su Kano don na fi su sanin gari. Likitar hanci da maƙogwaro, wadda ko sa'ar Iliyasu ba ta kai ba, ta zura wani siririn bututu mai fitila a hancin yarinyar, ta nuna wa Dallatu a allon na'ura: tsiron nama ne a bayan hanci ya tare hanya. Dallatu ya matso har ya kusa taɓa allon da goshi. Da me za a cire? Yaya ake tsayar da jini? Ta amsa masa duka, tana ce masa Baba.

An yi aiki lafiya, yau Raudatu baki rufe take barci. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne safiyar aikin. Da nas ta zo ɗaukarta, yarinyar ta ƙanƙame rigar Dallatu, sai da ya ɓamɓare yatsunta da kansa. Aka rufe ƙofa. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Malam Sama'ilu," ya ce da ni, "ashe haka uwa take ji in na karɓi ɗa na ce ta koma ɗaki? Shekara da shekaru, ban taɓa waiwayawa na dubi fuskar ko ɗaya ba."