Masarar da Muka Shuka a Hanyar Jirgi

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tsaya a tashar jiragen ruwa ta Baga, ina ɗaga wa jirgi hannu ya bi ta tsakiyar gonata ba. Ku da kuka same ni a ofishin ruwa na Gaya kuna ganin da furfurata aka haife ni. To, ku saurara.

A shekarun farin nan na saba'in da ɗoriya ina aiki da wani kamfanin jigila a bakin Tafkin Chadi. Garin ba ya hutawa: ga hayaƙin masu banda, ga maƙera kwalekwale, ga manyan motoci suna lodin kifi da kanwa zuwa Kudu. Muƙamina mai kula da turaku. Bakin tafkin ba shi da zurfi, saboda haka an haƙa wa jirage hanya mai lanƙwasa tun daga sararin ruwa har tasha, aka kafa turaku dama da hagu. Matuƙi yana bin tsakaninsu. In ya kauce, jirgi ya kafe a taɓo, ko ya kife da mutane. Aikina in duba su kullum, in shafa musu fenti, in kai rahoto. Mataimakina Sale, mutumin Ajingi, ya girme ni, amma ni ke da takardar firamare. Da wannan aiki nake ciyar da gidanmu a Kademi, don a shekarar ko irin da aka shuka ba a mayar ba.

Sai tafkin ya janye, har ba a hango shi. Jirage suka daina zuwa. Mu dai ba a sallame mu ba, kullum da safe mu je mu duba turaku a tsaye a kan tudu, in rubuta cewa suna nan lafiya.

Wata rana Sale ya tsuguna a cikin hanyar jirgin, ya damƙi ƙasa ya shinshina. Baƙa wuluk, ga laima, ba ta neman taki. Ya ce, "Malam Iliya, barin wannan ƙasa haka ai alhaki ne."

Ni ma raina ya riga ya biya. Ɗan manomi ne fa ni. Muka shuka masara a cikin hanyar, daga bakin tasha har ƙarshenta, layi-layi, ba mu fita ko taku ɗaya ba, don nan ne laimar take. Da shanun makiyaya suka dame mu, muka tumɓuke turakun muka yi shinge da su ta gefen da suke shigowa. Lissafinmu ba shi da aibu: damina ta wuce, sama fes, kuma a Kademi ba a taɓa jin kududdufi ya cika da rani ba. Kafin wata damina mun girbe, mun mayar da turaku. Har wasiƙa na aika wa Baba a Kademi, na ce ya share rumbu.

Akwai tsohon matuƙi, Babarbare, ana ce masa Ba Modu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon masarar, ya ce, "Kanawa, ruwa yana tafe." Muka ɗaga kai muka dubi sama, muka yi masa godiya. Da ya wuce Sale ya ce tsufa ne.

Ashe ruwan tafkin ba daga samanmu yake zuwa ba. Koguna ne ke kawo shi daga can kudu, yana tafiya wata da watanni, sai lokacin sanyi yake isowa. Kowa a garin ya sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa mana.

Masara ta yi goyo, saura kamar mako biyu, muka wayi gari ruwa a gindinta. Ko yayyafi ba a yi ba. Kafin mako ya zagayo ya kai ƙirji, ya shafe hanya da gefenta, duk ya zama ɗaya.

Shugaban tasha ya kira ni. Ya ce, "Iliya, gobe Ba Modu zai shigo da jirgi daga tsibirai, da kaya da mutane. Ina turakuna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, suna nan lafiya. Wurin zama kawai suka canza."

Bai yi dariya ba. Ya ce in jirgin ya kafe, in tattara tabarmata. Turaku ba sa kafuwa a yini ɗaya.

Washegari da hantsi jirgi ya iso bakin hanya ya tsaya. Na shiga kwalekwale na sami Ba Modu, na faɗa masa gaskiya. Ba Modu ya leƙa, ga kawunan masara sun fito saman ruwa, sun yi layi suna lanƙwasa har tasha. Ya ce, "A cikin hanya kaɗai kuka shuka?"

"A ciki kaɗai, Baba."

"Ba ku fita ba?"

"Ko taku ɗaya."

"To koma tasha, ka riƙa ɗaga mini hannu."

Haka ya bi ta kan masarar, injin yana markaɗe ta, ni ina nuna masa inda ta fi kauri. Jirgi ya iso lafiya, fasinjoji suna yaba ƙwarewar matuƙi. Sale ya juya baya yana sharar hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Ba a kore ni ba. An ba ni takardar gargaɗi, muka kwashe kwanaki a ruwan sanyi muna mayar da turaku. Na sake rubuta wa Baba na faɗa masa abin da ya faru. Amsarsa gajeriya ce. Ya ce rumbu yana nan a share, kuma bai faɗa wa kowa ruwa ya ci gonata da rani ba, don kada a ce ɗansa ya koyi ƙarya a bariki.

Tun daga nan, duk garin da aka tura ni aiki, kafin in taɓa komai sai na nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin. In ya faɗi abin da ya yi kama da shirme, shi nake fara rubutawa.