Randar Mota

Bazara ce, irin wadda ko inuwar dogon yaro ba ta da sanyi. Shekarar ta zo mana da nauyi. Idanun maigidana sun yi hazo har ya ajiye tuƙi, ya miƙa wa babban ɗanmu makullin bas ɗin da muke ci da ita, wadda ke lodi daga Bodinga zuwa Shagari, ranar kasuwa kuma har Kajiji.

Tsohuwa ce ƙwarai. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ko da na iya karanta lamba na leƙa, abin da na gani ba shi ne gaskiyar shekarunta ba. Amma injin bai taɓa kwana da mu a hanya ba. Kullum da safe Malam, maigidan nawa, kan zauna bakin ƙofa a kan tabarma, ya karkata kunne in an tada ta, ya ce lafiya ta kwana. Abin da ya rage masa na sana'arsa ke nan.

Cikin bazarar sai motar ta fara zafi. Yaron ya ce allurar da ke nuna zafin inji na hawa ja tun kafin su kai rabin hanya, sai ya tsaya, fasinja na tsaki, ya jira ta huce. Abokansa na tasha suka ce injin ya gama aiki, ya sayar wa masu kwance mota tun tana tashi. A bayan ɗaki ya gaya mini ya kusa yarda, kada dai in sanar da babansa tukuna.

Ni ban san kan mota ba. Abin da ya dame ni a kwanakin, butar shayina ce. Tun da aka haƙa burtsatse a unguwarmu muka koma shan ruwansa, cikinta ya fara yin wani farin ƙanzo mai tauri kamar alli. In jiƙa ta da tsamiya ya fita, ba da jimawa ba ya dawo. Ina cikin kankare shi wata safiya na ɗaga kai, na ga yaron yana ɗura wa mota ruwa daga jarkar burtsatsen nan. Sai na tsaya da cokali a hannu. Ashe ita ma tafasa ruwa take yi yini guda, kamar buta. To ina nata ƙanzon yake zuwa?

Nan na tuna da randar mota. Wata babbar randa ce da ta daɗe ƙarƙashin indararo, Malam na tara ruwan sama a ciki, ya juye a jarkoki ya ɓoye don rani. Ba mai sha, ba mai alwala da shi. Bara rago ya tunkuɗe ta ta fashe, ba wanda ya damu, tunda ga ruwa ya zo har ƙofa.

Na je na zauna gefen tabarmarsa na tambaye shi dalilin ruwan saman. Ya yi dariya.

"Wallahi ban sani ba. Haka nig ga maigidana da ya koya min tuƙi shina yi, ni ko ban taɓa tambaya tai ba."

Na roƙi yaron kafin ya kira masu saye ya kai ta wurin bakaniken Shagari, tsohon abokin babansa, kuma ya tafi da ni. Ya dube ni, ya dubi butar da na ƙulle cikin ɗankwali, ya ɗauko makullin mota.

Bakaniken na ganina ya bar abin da yake yi, muka gaisa, ya tambayi idon Malam. Da na kwance butar ya ce, "Hajiya, shayi za ki dafa muna, ko ita ma wagga gyara taka so?"

Na nuna masa cikinta, na faɗi abin da nake tunani, ina jin kunya. Ya sa farce ya kankaro, ya murza a yatsa. Ya ce ko ba buta lagireto zai fara buɗewa, wato tukunyar da ke sanyaya ruwan injin, amma bari mu gani tare. Da ya cire ya buɗe kanta sai ga ƙananan hanyoyi jere, rabi sun toshe da farin abu. Na kanga butar kusa. Iri ɗaya ne. Na daɗe ina kallo, har ya ce in matsa kada in ɓata zane.

Ya yi ta zura siririyar waya yana wankewa har la'asar. Ya zuba mata wani ruwa mai launi na cikin galan, ya ce shi ya fi, in ba shi to na sama ya fi na burtsatse. Bai yi mana alkawari ba. Ya ce tsohon inji kamar tsohon mutum ne, yau gwiwa gobe baya, amma wanga da sauransa, in za a riƙa canza masa baƙin mai a kan lokaci.

A hanyar komawa na zauna gaba, idona a kan allura. Ta hau tsakiya ta zauna. Yaron ya yi ta satar kallonta, har muka hango Bodinga, sannan ya ce a hankali, "Inna, bari dai mu ga damina da ita."

Malam na bakin ƙofa da muka iso. Ya saurara, ya ce yau muryarta ta saki, mi anka yi mata? Na ce wanka.

Washegari da sassafe na ga gabas ta ɗan yi duhu. Na tafi wurin mai tukwane na zaɓo randa, na ƙwanƙwasa ta na ji ba tsaga, aka kawo mini a keke mai ƙafa uku. Na girka ta ƙarƙashin indararo, na kewaye ta da duwatsu saboda rago.